Gonar Iya Gumsu da Baƙar Leda

Wata Talata ce, cikin bazarar shekarar da aka yi ƙidaya. Tun safe gari ya ɗaure da zafi, ko ganye ba ya motsi. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, kowa ya ce yau za a yi ruwan farko. Ba a yi ba. Iska ce kawai ta zo, ta bi ta kan bolar bakin gari, ta kwashi leda ta watsa sama. Ina tsaye a gonata da manjagara a hannu, na ɗaga kai na ga sararin Azare cike da baƙaƙen abubuwa suna shawagi kamar shirwa. Da iskar ta lafa suka sauko a hankali, mafi yawansu a gonar maƙwabciyata, Iya Gumsu.

Tana zaune a gindin aduwar da ke kan iyakarmu. Ɗanta Abdulsamad, wanda ke acaɓa, ya kafe babur ɗinsa yana tsaye a gabanta.

"Iya, ki duba da idonki," in ji shi. "Wannan gona ce ko bola? Mutumin nan mai neman fili ya sake tare ni jiya. Gida zai gina."

"Na ji."

"Kullum kin ji. Bara me muka samu a cikinta? Shanun Kawu ma sun guje ta."

"Ba gudu suka yi ba. Fushi ne."

"Saniya tana fushi?"

"Mai ita yana yi."

Abdulsamad yaro ne mai kunyar mahaifiyarsa, kuma ba ƙarya ya faɗa ba. Ta daɗe tana kallon ledojin da suka maƙale a ƙayar aduwa suna kaɗawa, sannan ta ce, "Ka bar mini ita zuwa kaka. In an cire amfani, shanun Kawu ba su dawo sun kwana a cikinta ba, ka kira mai ginin. Ni da kaina zan je gaban mai unguwa."

Ya juyo wajena. "Baba Mamman, ka ji dai. Kai ne shaida."

Na ce na ji.

Bari in koma baya kaɗan, don a san wace ce ita, a kuma san abin da ya haɗa gonar da shanu.

Gumsu Babarbariya ce. Mahaifinta daga gabas ya zo da fataucin kanwa da bandar kifi, ya zauna a Azare, a nan aka haife ta. Sana'arta kitso. Matan unguwarmu da yawa ita ta yi musu kitson aure, ta kuma yi wa 'ya'yansu. Hannunta da sauri yake, kuma ba ta ja da zafi. Mijinta, Malam Sha'aban, mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, yana noma da damina. Da ya rasu, gonar nan ita ce abin da ya bari, sai gidan da suke ciki. A gonar take samun geron shekara, a cikinta kuma take zuwa ta zauna in gida ya ishe ta.

Ƙasar wajen nan rairayi ce, ba ta ba da komai sai an ba ta. Takin zamani ba na irinmu ba ne. Abin da muka saba da shi biyu ne. Ko dai a ɗebo takin bola daga gari a jaki ko a amalanke a baza, ko kuma bayan girbi Fulani su kawo shanu su ci kara da harawa, su kwana a gonar su bar kashi. Mai gona ya auna musu gero, su kuma su aiko da nono. Gonar Malam Sha'aban tana samun duka biyun. Shekara da shekaru yana zuba mata takin bola, ba wanda ya lura cewa bolar ta sauya. Da can toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Daga baya aka fara ƙulla komai a leda, har ruwan sha da koko, ledar kuma ta shiga taki, taki ya shiga gona.

Mai kawo musu shanu shi ne Kawu, Bafulatani daga wata ruga ta wajen Chinade, dogo, siriri, tsaran marigayin. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, to su biyun nan sun riƙe shi da gaske. In ya iso da kaka, tun daga nesa zai ɗaga murya:

"Ina baiwata Babarbariya? Fito ki karɓi sandar ubangidanki!"

Ita kuma daga ciki: "Wa nake ji kamar bawana na daji? An yi wanka bana kuwa, ko sai baɗi?"

"Kawo fura, kar ki tsaya surutu."

"Furar uwargijiya sai bawa ya durƙusa."

Haka suke tun muna da ƙarfinmu. Ban taɓa jin ya gaishe ta gaisuwar kirki ba, ita ma haka.

A kakar da ta gabaci wannan bazara, wata karsanarsa ta daina cin abinci bayan sun yi kwanaki a gonar. Cikinta ya kumbura, ta rame tana tsaye. Da aka ga ba za ta tashi ba aka yanka. Ina wajen lokacin da mahauci ya buɗe tumbin. Ya ciro wani dunƙule baƙi, ya murɗe ya cure, girmansa ya kai kan mutum. Leda ce zalla. Gumsu ma ta gani.

Washegari Kawu ya je ƙofar gidanta. Ya yi sallama a hankali, ya tuɓe takalmi, ya ce, "Hajiya, ina kwana. Ya iyali? Zan matsa da shanu gaba. Allah ya saka da alheri."

Ita kuwa ko Makka ba ta je ba. Ta faɗa mini daga baya cewa tun ranar da aka fita da Malam Sha'aban, ba abin da ya sanyaya mata jiki kamar wannan gaisuwa. Da ya zage ta, da ta san yadda za ta rama. Ya kaɗa shanunsa, ranin nan duka ba su sake taka gonar ba.

To, bayan alkawarin da ta yi wa ɗanta, ta fara tsintar ledar ita kaɗai. Kwana kaɗan bayanta ya riƙe. Na ce bari in taimaka, muka ja da manjagara muka tara tsibi tsibi tare da sauran kara, muka sa wuta, kamar yadda muka gada a kowace sharar gona. Ba mu san leda ba ta zama toka ba. Ta narke ta bi ƙasa ta daskare kamar ƙanzo, hayaƙinta ya sa mu tari har kwana biyu. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, duk inda muka ƙona ba abin da ya tsiro. Sauran gonar kuma, in ka kai fartanya, leda ce za ta fito maka a baki.

Abin da ya juya al'amarin ƙaramin abu ne. Wata rana tana yi wa Suwaiba matar mai shayi kitso, 'yar Suwaiba, Zinatu, ta dame su da rigima, sai an tafi gida, sai an tafi gida. Gumsu ta miƙa hannu ta ɗauki totuwar masara a gefen murhu, ta ɗauki baƙar ledar da Suwaiba ta kawo man kitso a ciki, ta tsaga ta siri siri, ta ɗaure a kan totuwar. Nan take ta yarfa mata shuku. Ledar tana sheƙi kamar gashin da ya sha mai. Ta miƙa wa yarinyar ta ce, "Ungo, riƙe mini amarya, kar ki bari ta yi kuka." Ba a sake jin bakin Zinatu ba har aka gama.

Washegari zauren Gumsu ya cika da 'yan mata ƙanana.

"Iya, ni ma. Ni zane nake so a yi wa tawa."

"Ni kitson Barebari!"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ba na sayarwa. Mai son 'yar tsana ta kawo leda."

Da yamma ta same ni a gona tana murmushi, ta ce Allah ya kawo mata 'yan gayya. Amma ba ta faɗa wa yaran ledar ina take so ba, su kuma suka bi inda ya fi sauƙi. Suka bazu kasuwa da tasha da bakin masu rake. Maza suka shigo, su ƙwallo suke so. Kafin mako ya zagayo tsakar gidanta ta cika, ko wurin shimfiɗa tabarmar kitso babu. Sai ga iyaye. Suwaiba ta zo tana salati, wai Zinatu ta kwance mata ƙullin kuka da na daddawa da na barkono ta juye a kwano ɗaya don ta samu ledojin. Bayanta sai ga Victoria, ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Bauchi da ke haya a gidan da ke kallon nasu, ta riƙo ɗanta Meshach a hannu.

"Iya Gumsu, ki yi mana shari'a. Garin rogona gaba ɗaya ya juye a bokitin wanka."

"Busasshe ne ai bokitin," in ji Meshach.

"Ka ji shi ko? Har da hujja."

Gumsu ta yi dariya har da hawaye, ta ba su haƙuri. Victoria ta zauna, ta ce tunda abin ya zama haka, ga sharaɗinta: kada yaro ya taɓa ledar kwata ko ta bayan asibiti, kuma duk wadda aka kawo a wanke ta a shanya, a wanke hannu da sabulu. Gumsu ta ce ta karɓa, kuma daga ranar bokiti da sabulu ba su bar ƙofar zauren ba.

Gona kuwa tana nan yadda take. Ta tara yaran ta ce daga yau ledar gonarta take so. Suka je suka tono, suka dawo suna tura baki. Ledar da ta daɗe a gona rana da ƙasa sun cinye ƙarfinta, kana ja tana ɓarɓashewa.

"Iya, wannan ba ta kitsuwa," in ji Zinatu. "Tsohuwa ce."

"Ni ma tsohuwa ce."

"Ke ai ba a kitso da ke."

Gaskiyar yarinyar ce. Wadda take so a cire ba ta da amfani a wajen yaran, wadda ke da amfani kuma ba a gonar take ba. Suka fara janyewa. Na same ta a gindin aduwa da tarin ruɓaɓɓiyar ledar a gabanta, tana matsa ta a tafin hannu. Gero lokacin ya kai gwiwa. Na gaishe ta na wuce.

Bayan kwana biyu na ji ihun yara a layinmu. Ƙwallo suke bugawa, baƙa, zagayayya, tana tsalle daidai gwargwado. Na ɗauka na duba. An cusa ruɓaɓɓiyar ledar gona an danne ta da ƙarfi har ta cure, sannan an naɗe ta da igiyar da aka kitsa da sabuwar ledar gari, an zaga an zaga an ɗaure.

Na ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Tumbin karsanar Kawu. Na tuna yadda abin nan ya cure a hannun mahauci. Na ce tunda ta iya curewa ta kashe, bari ta cure a buga ta da ƙafa."

'Yan tsana ma ta sauya musu. Ta roƙi ƙyallaye a wajen teloli, ana ɗinka jiki da hannuwa, a cusa ledar gona a ciki, a yi gashi da ta gari. Dokar ta zama ɗaya: gashi na gari, ciki na gona. Wadda ba ta kawo ciki ba, 'yarta za ta kwanta shafal kamar tsumma, sauran su yi mata dariya. Kuma ta daina yi musu da hannunta. Takan zaunar da su a zaure ta nuna sau ɗaya, ta ce kowa ya yi nasa. In kitson ya karkace ta sa a tsefe a sake. Da suka gwanance suka fara ƙirƙiro nasu: igiyar tsalle, tabarmar 'yar tsana, mota ta gwangwanin madara mai tayar tsohon silifa. Meshach ya yi wani jirgi da ledar ruwa da tsinken tsintsiya, yana tashi in akwai iska.

Ranar Asabar da safe ake zuwa gona, musamman in an kwana da ruwa, ƙasa ta yi laushi. Ta hana su hawa kunya, kowa ya bi kwari, kada a taka gero. Ni ina gaba da fartanya ina noma, suna bayana suna tsinta kamar balbela a bayan shanu. A gefen da ke kallon bola na kafa shingen kara da ƙaya. Duk abin da iska ta kwaso sai ya maƙale a jiki, da safe su zo su kwashe suna gardamar wa ya riga.

Wata Asabar fartanyata ta tono wata ledar burodi daga can ƙasa. Rubutun jikinta bai goge ba. Meshach ya karanta sunan gidan burodin da ƙarfi, yaran suka ce ba su san shi ba. Ni na san shi. An rufe shi tun zamanin soja, kafin a haifi ko ɗaya daga cikinsu. Gumsu ta karɓa ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Irin burodin da Malam yake sayo mana ke nan ranar kasuwa. Ku zo nan. Ina burodin da ke cikinta?"

"An cinye!"

"Ina mai gasawar?"

Na ce ya rasu.

"Wanda ya sayo ma ya rasu. Ita ga ta nan, ko sunanta ba ta manta ba." Ta tono wata tsohuwar totuwa da yatsa, ta murje ta ta zama gari. "Wannan ta bara ce, ƙasa ta cinye ta, za ta mayar mana da ita gero. Ƙasa ciki gare ta kamar saniya. Abin da za ta iya narkarwa shi ake ba ta. Wanda ba za ta iya ba, zama yake a tumbinta har ta daina cin abinci."

Zinatu ta ce, "To Iya, wa zai yanka ƙasa a duba tumbin?"

"Ga mahaucinta nan," ta nuna ni. "Ba kya ganin wuƙarsa?"

Tun daga ranar yaran layin suke kirana Sarkin Fawan Gona. Ban hana su ba.

Abdulsamad bai ji daɗin abin ba. Abokansa a tashar acaɓa suna tsokanarsa, wai in ana neman leda a je gidan su Abdulsamad, can ne babban kanti. Ya ce wa mahaifiyarsa ta mai da gida bola don ta ceci wata bolar. Ta ce masa kaka ba ta zo ba tukuna.

Kaka ta zo. Geron bai yi yawa ba, amma ya fi na bara. Aka kwashe, kara ya bushe, garkuna suka fara shigowa gonakin mutane. Shanun Kawu ba su zo ba. Muka ji labari ya sauke su a wasu gonaki ta hanyar Chinade. Mai neman filin ya zo da kansa, ya taka gonar daga wannan gefe zuwa wancan yana nuna inda ƙofa za ta kalla. Abdulsamad ya riƙa kallona in mun haɗu a masallaci.

Na ce mata, "Ko in je in roƙe shi?"

"Roƙo? Babarbariya ta roƙi Bafulatani? In ka je da roƙo zai karɓe ka da mutunci, ya ba ka nono, ya ce a gaida Hajiya. Shi ke nan an rufe."

Ta zauna ta ɗinka wani ɗan tsana namiji. Ta yi masa ƙafafu dogaye sirara kamar tsinke, malfa ta murfin kwalba, sanda a kafaɗa, ga wani ciki ƙato da ta danƙara da ledar gona. Ranar kasuwa ta kai wa Yelwa, matar Kawu, a inda masu nono ke zama. Ta ce, "Ki kai wa bawana. Ki ce na ga ba ya samun tuwo a daji, shi ya sa na cika masa ciki da abin da na cire a gonata. Saura babu, in yana so ya zo ya nema."

Da ta faɗa mini, ban so abin ba. Mutumin da ya rasa karsana saboda leda, a aika masa da wannan? Na ce ko dai ya yi dariya, ko kuma ba za mu sake ganinsa ba. Ta ce ita ma ta sani.

Kwanaki suka wuce shiru. Sai wata Asabar da hantsi, muna gona da yaran suna kwashe abin da shinge ya kama, na hango shi yana tahowa shi kaɗai, ba shanu. Ya iso ya ce, "Salamu alaikum. Malam Mamman, ina kwana. Hajiya, ina kwana."

Ta amsa a hankali. Na ga hannunta ya riƙe bakin mayafi.

Ya shiga gonar ya fara bin kunya, yana caka sandarsa a ƙasa yana buɗawa. Ya je ƙarshe ya dawo ta wata. Ya duba gindin kara, ya duba ƙarƙashin aduwa, ya tona inda muka taɓa ƙonawa, wanda yaran suka ɓamɓare tuntuni. Muna tsaye muna kallo, rana tana hawa. Abdulsamad ya zo wucewa da fasinja, ya sauke shi a bakin hanya ya dawo ya tsaya.

Can kusa da tsakiya sandar ta kamo wani abu. Kawu ya sunkuya ya jawo. Baƙar leda ce, tsawon tafin hannu. Ya ɗaga ta sama, ya juyo yana kallon Gumsu. Ba wanda ya yi motsi a cikinmu manya.

Yaran ne suka kwasa da gudu.

"Tawa ce! A layina take!"

"Ƙarya ne, ni na fara gani!"

Zinatu ta yi tsalle ta fizge ta daga hannunsa, Meshach ya riƙe gefe ɗaya, wani ya shiga tsakani, ledar ta rabu, kowa ya cusa guntunsa a aljihu, suna ta musu. Ko ɓarɓashi ba su bari a ƙasa ba. Kawu ya tsaya da hannu a sama yadda suka bar shi. Ya dubi yaran, ya dubi shingen, ya dubi Gumsu. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa.

"Ke Babarbariya! Wane asiri kika yi wa 'ya'yan mutane suke faɗa a kan shara?"

Ta saki mayafin. "Lalle, bawan nan ya samu baki. Wa ya ba ka izinin shiga gonar uwargijiyarka da takalmi?"

"Ni za ki yi wa ƙafafun tsinke? Jikata ta ƙwace ɗan tsanan, ta ce kamarmu ɗaya. Har rugar ake dariya."

"Ai rage maka muni na yi."

"To gobe in iska ta kawo wata fa?"

Ta nuna yaran da haɓa. "Ga masu jiranta nan. Ko kai ka yar da ita, sai ka yi da gaske ta kai ƙasa."

Ya goge ido da gefen rawani. Ya ce, "Dama fura mai yawa jibi. Kuma ban da rowar Barebari."

Ranar da ya faɗa, da yamma, muka ji kukan shanu ta hanyar Chinade. Suka shiga gonar suka bazu cikin kara. Abdulsamad yana tsaye kusa da ni. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba Mamman, ka shaida, ni ma na shaida." Shi ya je ya ba mai ginin haƙuri. Bayan haka, in ya ga tsohon silifa ko gwangwani mai kyau a hanya, yakan ɗauro a bayan babur ya ajiye a zaure.

Ba zan ce leda ta ƙare a Azare ba. Ta ma fi da yawa. Amma layinmu da gonakin nan biyu, in ka ga leda a ƙasa, yanzu aka yar. Yaran farko sun girma, wasu sun tafi sakandare, ƙannensu sun maye gurbinsu. An yi wa Victoria canjin wurin aiki, sun tafi da Meshach da jirginsa. Zinatu ce ke nuna wa ƙanana yadda ake tsaga leda, kuma ta fi Iya tsanani wajen sa a tsefe.

Yau shekara uku ke nan. Idon Iya Gumsu ya yi rauni, ta bar yi wa mata kitso, amma na leda hannunta ya san hanya ko ba ta gani. Tana nan a gidanta na Azare tare da Abdulsamad da matarsa, zaurenta cike da yara duk Asabar. An yi gine-gine a gefe biyu na gonar, ita ba a sayar ba, kuma shanun Kawu suna cikinta yanzu haka.